Shekarun da Muka Shayar da Ƙasa Magani

Gidanmu yana wani ƙauye tsakanin Yelwa da Shanga, a bakin gulbi, kusa da inda ruwan yake fara faɗi kafin ya gangara ya zama tafki. Tun da na yi wayo albasa na tarar Baba yana nomawa. Gero da dawa na ci ne, shinkafa kuwa sai yadda ruwa ya ga dama, amma albasa ita ce suturarmu, ita ce kuma ta riƙe ni a makaranta har na zama malamin firamare a Yelwa. Daga ranar da na fara aiki Baba ya daina kiran sunana, sai dai Tica, rabi wasa rabi alfahari.

Noman albasa hawa biyu ne. Idan damina ta doshi ƙarewa ana yafa iri a wurin reno, a kan tudu inda ambaliya ba ta kaiwa. Namu yana bayan gida, kusa da wata tsohuwar ɗorawa. Nan 'yan irin za su yi makonni har su kai kaurin tsinken tsintsiya, ko su ɗan fi. Kafin nan ruwa ya ja baya daga fadama, sai a cire su a kai su can a dasa cikin kwami, wato fangalin da ake tare ruwa a ciki, a dinga ban-ruwa da inji har su yi kai. Ni kuwa kowace Juma'a bayan an tashi daga makaranta nakan hau kabu-kabu in tafi gida, in kama aiki Asabar da Lahadi, Litinin da sassafe in koma.

Inna ma tana da nata ɗan wurin, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, a gindin danga. Ba don kasuwa take yi ba. Lawashi take so na miya, da 'yar albasar da za ta yanka a kan dafa-duka ba sai ta jira ta Baba ba.

Wata shekara damina ta ƙi tafiya da wuri. An yafa iri, ya tsiro gwanin sha'awa, sai ruwa ya dawo ya yi kwanaki yana yayyafi, rana ba ta fitowa sosai. Ranar Asabar da safe na bi Baba bayan gida, muka tarar da 'yan irin sun kwanta a wurare da dama, kamar an aza musu faifai. Na tsuguna na ɗaga guda. Daidai wuyansa, inda ya fito daga ƙasa, ya yi laushi ya tsuke kamar zare, ya yi ruwa. Kafin Juma'a ta zagayo abin ya ci fiye da rabin wurin renon. Baba ba mai yawan magana ba ne a kan asara. Ya tsaya hannuwansa a baya, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah ya mayar da alheri," ya juya ya tafi masallaci. Amma Inna ta gaya mini kwana uku tuwonsa yana dawowa kusan yadda aka kai shi.

A waccan shekarar abokinsa ne ya cece mu. Bakambare ne, mutumin tudu, Kirista, gonarsa tana can gindin duwatsu, tafiyar kusan awa ɗaya a babur. A kasuwar Yelwa suka haɗu tun suna samari, zumunci ya ƙullu har mu 'ya'ya muke ce masa Kawu. Shi ma yana ɗan taɓa albasa a bakin wani rafi. Da ya ji labari sai ga shi da kwando biyu na dashe ɗaure a bayan babur. Bai isa fadamar duka ba, amma ba mu tashi hannu rabbana ba.

Da shekara ta zagayo na ce ba za a sake yi mana haka ba. Na shiga kasuwar Yelwa wurin masu sayar da magungunan gona, na kwatanta wa wani mai shago abin da muka gani. Ya ce funfuna ce da ke zaune cikin ƙasa, danshi ke tashe ta. Ya ba ni magani iri biyu: wani ɗan gari a ƙaramar leda wanda ake cuɗa iri da shi kafin a yafa, da wani a babbar leda wanda ake damawa da ruwa idan ciwo ya bayyana. Ya ce in karanta takardar da ke jiki. Na ce to.

Ban karanta ba. Wannan ita ce gaskiyar magana, kuma har yau idan na tuna nakan ji kunya, domin ni ne mai koya wa 'ya'yan mutane karatu. Rubutun ƙanana ne, da Turanci, ni kuma ina ganin na riga na gane. Na kai wa Baba, na ce ga maganin abin da ya cinye mana iri.

Ya jujjuya ledar a hannunsa. "Cikin ƙasa ka ce ciwon shike?"

"Haka mai shago ya ce, Baba."

"To mi za mu jira har shi fito? Mu iske shi can."

Maganar ta yi mini ma'ana. Muka cuɗa iri da ɗan garin, sannan muka dama na babbar ledar a garwa, muka shayar da ƙasar wurin renon har ta ƙoshi kafin mu yafa. Da iri ya tsiro muka sake. Daga nan ya zama ƙa'ida: kowace Asabar da safe, ni da Baba, garwa biyu, muna bin layi muna zubawa. Ko ɗan iri ɗaya bai kwanta ba. Baba ya yi farin cikin da na daɗe ban ga irinsa ba. Duk wanda ya zo wucewa sai ya kira shi ya nuna masa, ya ce, "Aikin Tica ne."

Ya so ya zuba a ɗan wurin Inna ma, ta hana.

"Malam, bar mini wurina. Kajina nan suke tono, kuma ni wanga wari ba ya shiga miyata."

"Idan ciwo ya kama fa?"

"In ya kama na roƙi naka."

Albasar wannan shekarar ba ta yi laifi ba. Ba ta kai yadda muka sa rai ba, ganin yadda dashe ya wadata, amma bayan wuyar da aka sha bara ba wanda ya tsaya bincike. Shekara ta biyu muka maimaita, a wuri guda, har da ƙari, domin Baba ya fara dama maganin da kauri. A nan ne na fara ganin wani abu. 'Yan irin suna tsaye, babu mai ciwo, amma girmansu ya yi nawa. Lokacin dashe ya yi, su kuwa ba su kai ba, sai da muka ƙara musu kwanaki. Da aka kai su fadama suka daɗe kafin su kama. Ganyen sirara, bakinsu yana bushewa, wasu da ɗan ja-ja a jiki. Da rana ta take sai su yi laƙwas ko da an ba su ruwa jiya. Baba ya ce yunwa ce, ya ƙara takin yuriya. Ganye ya yi kore, amma da aka zo cira kawunan ƙanana ne, irin waɗanda masu saye ke warewa gefe.

Muka ɗora wa iri laifi. Shekara ta uku Baba ya aika har wajen Ngaski, inda ƙanwata take aure, aka samo masa iri daga wani manomi da ake yabon albasarsa. Abin bai canza ba. Muka zargi inji, muka zargi ruwa, muka zargi takin da cewa gauraye ne. Maganin kaɗai ne bai taɓa zuwa ran kowa ba, domin aikinsa a fili yake: tun da muka fara shi iri bai sake kwanciya ba.

A wannan shekara ta uku dashenmu ya gaza. Saboda rashin girma mun zubar da da yawa, aka bar kwami huɗu a ƙarshen fadama babu abin sawa. Inna ta ce a cire rarar nata, tunda ya yi mata cunkoso. Iri ɗaya ne da na Baba, daga ƙullinsa ta ɗiba. Aka dasa, aka manta.

Bayan kamar wata guda ko makaho ya shafa zai gane bambanci. Kwamin nan huɗu sun yi duhu, lawashinsu ya yi kauri ya miƙe, na kusa da su kuwa kamar ƙannensu. Na nuna wa Baba. Ya ce ai ƙarshen fadama ne, nan ruwa ke taruwa. Amma ni na san ba haka ba ne, domin ni nake jan tiyo, kuma na san wurin ne ruwa yake isa a ƙarshe.

Ana cikin haka Kawu ya zo gaisuwa. Bayan sun sha fura shi da Baba, muka gangara fadama mu uku. Ya bi kunya yana tafiya a hankali, ya tsaya a kan iyakar da ke tsakanin dashen Baba da na Inna.

"Abokina, waɗannan fa?"

"Na maiɗakina ne. Ciko muka yi da su."

Kawu ya nemi izini, ya sa yatsu ya tono ɗaya daga kowane ɓangare, a hankali don kada saiwar ta tsinke. Ya riƙe su a gindin ganye ya girgiza. Ƙasar da ke jikin ta Baba ta zube gaba ɗaya, saiwar ta fito fara fes kamar an wanke ta. Ta Inna kuwa ƙasa ta manne mata, 'yan dunƙule-dunƙule suna reto a jikinta, ya sake girgizawa ba su faɗi ba.

"Ka gani?" in ji shi. "Wannan ta riƙe ƙasa, wannan ba ta riƙe ba."

"Mi ka sa haka?" Baba ya tambaya.

"Ban sani ba. Ni dai a gonata, shukar da ke da lafiya haka saiwarta take, da datti. Me kake yi wa naka wanda ita ba ta yi wa nata?"

Baba ya ce babu, sai magani. Kawu bai ce maganin ne ba. Ya dai karkaɗe hannunsa, ya ba mu labarin wani gefen gonarsa da masu aikin hanya suka taɓa kankare wa ƙasar sama. Ya ce ya zuba takin zamani a wurin har ya gaji, dawa ba ta yi ba, sai da ya dinga kwaso ƙasa daga tsohuwar gona yana watsawa, ya haɗa da kashin shanun Fulanin da ke sauka kusa da shi, sannan wurin ya farfaɗo. "Akwai abin da ke cikin tsohuwar ƙasa," ya ce, "wanda ba a sayarwa a buhu."

Maganar ta tsaya mini a rai. A Yelwa akwai wata malama da ke koyar da ilimin aikin gona a wata makarantar sakandare, yayar wani abokin aikina ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. Na san tana da madubin duba ƙananan halittu a ɗakin gwajinsu, domin na taɓa kai ɗalibaina su gani. Ranar Litinin na tono albasa biyar-biyar daga ɓangarorin biyu, na naɗe kowanne a jiƙaƙƙen tsumma daban, na kai mata bayan an tashi.

Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta tambayi sunan maganin, na nuna mata ledar. Ta karanta bayanta, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

"Sau nawa kuke zubawa?"

"Duk mako."

"A ganye?"

"A ƙasa, Malama. Shayar da ita muke yi."

"Shekara nawa?"

"Uku ke nan."

Ta ajiye ledar. "Malam, ka karanta abin da aka rubuta a nan kuwa?"

Na ce ban karanta ba. Ba ta ƙara komai a kai ba, abin da ya fi faɗa zafi. Ta ce in dawo jibi.

Da na dawo ta nuna mini yadda ta yi. Ta wanke saiwoyin, ta yayyanka su gajeru, ta dafa su a ruwan soda irin ta masu sabulu har suka yi garau ana ganin cikinsu. Ta ɗauraye, ta jiƙa su a tawadar alƙalami da ta gauraya da ruwan tsami, ta sake ɗaurayewa. Ta ce tawadar ba ta zama a jikin saiwa, amma tana kama funfuna. Ta shimfiɗa guda a kan ɗan gilashi, ta daidaita madubin, ta ce in duba. Ta Baba ce. Na ga wasu 'yan ɗakuna a jere kamar tubalin gini, fayau, babu komai a ciki, sai wani ɗan zare shuɗi guda a can gefe. Ta canza gilashi ta sa ta Inna. Na sa ido, na ɗago, na sake sawa. Saiwar cike take da zaruruwa shuɗɗa, suna bin tsakanin ɗakunan, wasu sun shiga ciki sun yi rassa kamar ƙananan itatuwa, wasu sun kumbura kamar ƙwan kifi.

"Ciwo ne?" na tambaya.

"A'a. Wannan ita ce lafiyar."

Ta ja kujera ta zauna, ta yi mini bayani kamar yadda nake yi wa 'yan aji uku. Ta ce funfuna iri-iri ce. Akwai mai ruɓar da wuyan ɗan iri, wadda muka sani. Akwai kuma wannan, wadda take shiga cikin saiwa ta zauna ba tare da ta cuce ta ba. Shuka tana ba ta abinci daga abin da ganye ya sarrafa, ita kuma tana miƙa zaruruwanta cikin ƙasa, nesa da inda saiwa za ta iya kaiwa, ta jawo mata ruwa da abinci, musamman irin sinadarin da ke cikin takin supa, wanda ba ya tafiya cikin ƙasa sai an je an same shi. Zaruruwan ne kuma suke ɗaure ƙasa a jikin saiwa, abin da Kawu ya gani ke nan. Ta ce albasa tana cikin shuke-shuken da suka fi dogara da ita, domin saiwarta gajera ce, mai kauri, ba ta da gashi sosai.

"Shi kuwa magani," ta ce, "ba ya tambayar wace ce mai cuta, wace ce mai amfani. Ba duka magunguna ne ƙarfinsu ɗaya a kanta ba, wasu ba su cika taɓa ta ba. Amma irin wannan naku, idan aka zuba shi a ƙasa a kai a kai, yana hana ta kama saiwa. Ɗan wanda ake cuɗa iri da shi kaɗan ne, feshin ganye ma da sauƙi idan an bi ƙa'ida. Ku kuwa wanka kuka dinga yi mata da shi."

Na ce to ai a fadama ba ma zubawa, me ya hana ta kama su a can? Ta ce ƙasar da ke kwana wata da watanni a ƙarƙashin ruwa ba ta cika tara wannan funfunar da yawa ba. Mai yiwuwa tun da can daga tudu dashenmu yake tafiya da ita a jikinsa, kamar guzuri, mu ba mu sani ba. Sannan ta ɗaga yatsa. "Amma kada ka je ka ce Malama ta rantse. Saiwa goma ba bincike ba ne. Wataƙila akwai wani dalilin da ya haɗu da wannan. Ku gwada ku gani."

Faɗa wa Baba ya fi mini wuya fiye da yadda na zata. Na bari sai Asabar da hantsi, muna zaune a inuwar ɗorawa yana gyaran bakin tiyo. Na fara da laifina, na ce takardar ta faɗi adadi da lokaci, ni ne ban duba ba. Sannan na kwashe abin da Malama ta ce na gaya masa, gwargwadon yadda na iya. Ya saurara bai ɗago ba.

"Wato funfunar da ta kashe mini iri, 'yar'uwarta ce ke ciyar da shi."

"Kusan haka, Baba."

"Kai ka gan ta da idonka?"

"Na gani."

Ya ci gaba da ɗaure tiyon da robar taya. Can ya ce, "Tica, kai ba ka san abin da na ji ba shekarar da irin nan ya kwanta. Ƙaramar albasa ta fi babu." Na ce gaskiya ne. Na ga ba gardama yake yi ba, tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili.

Maganar ta kwanta har aka cire albasa. Kwamin Inna huɗu suka ba da kawuna manya masu nauyi, waɗanda Baba ya ware da kansa ya ajiye don iri. Sai da damina ta yi nisa, wata rana muna dawowa daga gonar gero, ya tsaya a wani gefe inda aka yi shekaru ana haɗa gero da wake, ya buga ƙasar da dunduniya.

"Nan fa? Magani bai taɓa zuwa nan ba."

A nan muka yi sabon wurin reno. Baba ya raba shi biyu, domin ya ce ba zai sa ƙwansa duka a hannun abin da bai gani ba: rabi za a ci gaba da shayarwa, amma bisa adadin takarda, rabi kuwa iri kaɗai za a cuɗa da ɗan garin. Malama ta ba mu shawarar abin da zai rage ciwon ba tare da magani ba. Muka ɗaga gadajen renon sama da ƙasa yadda ruwa ba zai kwanta ba, muka yafa iri da tazara ba cunkus kamar da ba, muka koma ban-ruwa da safe don wurin ya sha iska kafin yamma. Kawu kuma, da ya ji abin da ake ciki, sai ga shi da buhu biyu na ƙasa daga tsohuwar gonarsa, baƙa mai laushi, da guntayen saiwar dawa a ciki. Muka barbaɗa a rabin da ba a shayarwa.

A mako na uku aka yi ruwa kwana biyu a jere. Da na iso ranar Juma'a na tarar da Baba tsugune a bakin gadon da ba a shayarwa. Wani ɗan wuri a kusurwa, kamar faɗin tafin hannu biyu, ya kwanta. Garwa tana gefensa, ya riga ya dama magani. Na tsaya a bayansa na bar masa shawara, gonarsa ce. Ya daɗe a haka. Daga bisani ya sa hannu ya tsince waɗanda suka kwanta, da na kewayensu, ya kwashe har da ƙasar wurin ya kai nesa ya zubar. Ya dawo ya tsiyaya maganin a wannan ɗan gurbin kaɗai, ya ɗauki sauran ya kai wa ɗaya rabin. Ciwon bai wuce nan ba. Ko don abin da ya yi ne, ko don rana ta fito washegari, Allah ne masani.

Ba zan ce albasar shekarar ta zama abin al'ajabi ba. Amma dashen da ba a shayar ba ya riga ɗan'uwansa kai lokacin cira, ya riga shi kamawa a fadama, kuma da rana ta take shi ne yake tsaye. Bambancin bai kai na kwamin Inna ba, tunda wannan karon maganin ma da sauƙi aka zuba, amma ya isa mai ido ya gani. Shekarar da ta biyo baya Baba bai raba wurin reno ba. Magani bai bar gidanmu ba, har yau ana cuɗa iri da shi, ana kuma feshin ganye idan tabo ya fito a lawashi, amma an daina zuba shi a ƙasa sai inda ciwo ya nuna kansa. Tsohon wurin kuwa muka bar shi ga wake da masara, ya ɗauki damina biyu kafin shuka ta yi kyan gani a kansa.

Bayan an cire albasar shekarar da muka raba wurin reno, Malama ta ce tana son ganin fadamar da idonta. Ta zo wata Asabar a bayan kabu-kabu, rungume da akwatin katako, ashe madubin ta ɗauko, da gilasan da ta riga ta shirya daga saiwoyin da na kai mata. Irin mai ɗan madubi a ƙasa ne, wanda hasken rana ya ishe shi. Muka kifa turmi a tsakar gida aka ɗora shi. Kawu ma yana nan, na aika masa tun jiya.

Baba ne ya fara. Ya cire hula, ya durƙusa, ya runtse ido ɗaya. A lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani, ko ƙidayar buhuna sai ya matsa kusa. Malama ta murɗa masa sama, ta murɗa ƙasa, ya canza ido, ya sake canzawa.

"Shuɗi dai nike gani," ya ce. "Kamar an zuba bula a ruwa."

"Babu zare-zare, Baba?" in ji Malama.

"Babu, ɗiyata."

Kawu ya karɓa, ya duba, ya yi dariya ya ce shi gashin idonsa kawai yake gani. Inna tana bakin madafa tana kallonmu. Malama ta ce, "Inna, zo ki gwada." Ta ce ita ina ruwanta da kayan 'yan boko, amma ta goge hannu a zane ta zo. Ta sunkuya, ta sa ido.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Malam, ga su nan. Kamar tarun masunta da ya yamutse. Har da 'yan ƙulle-ƙulle." Ba ta ɗago ba ta tambaya, "Duk wannan cikin saiwa guda?"

"Cikin ɗan guntunta ma," in ji Malama.

Baba ya mayar da hularsa, ya koma kan tabarma ya zauna. "To," ya ce, "tunda ta gani."

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, muka ci. Da la'asar Malama ta ce za ta koma kafin hanya ta yi duhu. Baba ya sa aka cika mata rabin buhu da albasa zaɓaɓɓiya, ta ce ya yi yawa, ya ce ba da ita yake shawara ba. Mai kabu-kabu ya ɗaure buhun a kan tanki, ita ta hau baya da akwatinta a cinya, muka raka su har bakin hanya.